Sani Nawa Ne A Kod Ɗinka?



Idan aka tsaya a tsakiyar kasuwar Jega aka ƙwala kiran "Sani!", mutum goma za su waiwayo. Shi ya sa muke cewa Sani Aliero, Sani Maiyama, Sani Dangamaji. Sunan gari ne ke raba gardama. Abin mamaki, da mun zauna rubuta PHP sai mu manta da wannan hikimar.

A ce ɗalibai biyu a jami'ar Aliero suna haɗa wa dillalan albasa manhaja. Ɗaya ya rubuta class mai suna Rasit don ciniki, ɗayan ma ya rubuta Rasit don kuɗin ajiya. Kowa nasa na aiki lafiya. Ranar da aka haɗa fayilolin, PHP zai tsaya cak, don ba ya karɓar class biyu masu suna ɗaya. Irin wannan kuwa ya fi faruwa ana gobe kare aiki gaban malamai.

Maganin layi ɗaya ne. Na farko ya sa namespace Albasa\Ciniki. A saman fayil ɗinsa, na biyu ya sa namespace Albasa\Ajiya. Shi ke nan, kowane Rasit ya samu garinsu. Sharaɗi shi ne layin ya zo nan take bayan <?php, ba abin da zai riga shi sai declare. Mai buƙatar Rasit a wani fayil sai ya kira shi da use.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 2009 ya zo cikin PHP 5.3. Kafin nan mutane na fama da dogayen sunaye irin Zend_Db_Table_Abstract.

Wasunmu za su ce aikinmu ƙarami ne, me zai kai mu? To, yau ne ƙarami. Gobe za mu ɗauko PHPMailer ta Composer, ko mu shiga Laravel, duk da namespace aka gina su. Ga kuma wanda zai gaji aikin bayan mun tafi bautar ƙasa. Idan foldoji sun bi sunayen namespace bisa tsarin PSR-4, zai gane inda komai yake ba sai ya kira mu ba.

Ra'ayinmu shi ne a koya wa ƙannenmu namespace ranar da aka koya musu class, kada a bari sai ta ɓaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda ya taɓa cin karo da wannan matsala ya ba mu labari. Allah Ya kai mu mako mai zuwa.