Zauren Iyali: Ciwon Da Ya Biyo Bayan Sauƙi

A watan jiya wani magidanci daga Gayam ya tsai da mu a ƙofar makaranta bayan an tashi yara. Ya ce shekara 3 ke nan da aka yi wa maiɗakinsa aikin ciwon daji na nono, aka cire na hagu, ta yi ta shan magani har likita ya ce ta sami sauƙi. Amma tun farkon damina bayanta yana ciwo, gwiwoyinta kuma suna sagewa da safe. Ba ta faɗa masa ba. 'Yarsu ce ta tarar da ita tana kuka a madafi. Ya ce, "Malam, ciwon ne ya dawo?"

Ba mu ba shi amsa nan take ba, gama alli muka iya riƙewa, ba allura ba. Amma mun bi diddigin maganar, ga kuwa abin da ya kamata kowane gida ya sani.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron matar nan ba wauta ba ne. Duk da haka, yawancin ciwon jikin da ke samun irin waɗannan mata ba dawowar cutar ba ne. Wurin da aka yanka yakan yi zogi shekara da shekaru, domin wuƙa ta taɓa jijiyoyi. Kafaɗa takan ƙage. Idan an cire kaluluwar hammata, hannu yakan kumbura ya yi nauyi. Akwai kuma ƙwayoyin da ake sha kullum har shekara 5 zuwa 10 don hana cutar dawowa, kamar anastirozol da letirozol, waɗanda sukan kawo ciwon gaɓoɓi. Ga kuma daka, da ɗebo ruwa, da ɗaukar itace, da tsufa da ke jiran kowa.

Amma gaskiya ne cutar takan dawo, ko da bayan shekaru masu yawa, kuma ƙashi ta fi kamawa, sai huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Saboda haka a lura da waɗannan: ciwon ƙashi a wuri guda, kamar baya ko ƙugu ko haƙarƙari, wanda ya wuce mako 2, yana ƙaruwa, yana hana barci, hutawa kuma ba ta rage shi ba, sabon ƙullutu a kan tabon aiki, ko a hammata, ko a gindin wuya, tarin da ya ƙi ƙarewa ko haki, ciwon kai mai naci tare da amai, idanu su yi rawaya, ramewa ba dalili. Idan kuwa ciwon baya ya zo da mutuwar ƙafafu ko riƙewar fitsari, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Mun san nisan Birnin Gwari da Kaduna, mun san kuɗin mota, mun kuma san abin da hanyar dajin nan ta sa mutane suka gani. Amma ƙaho da sakiya da ƙwayar kemis ba su iya faɗin abin da ke cikin ƙashi. A fara da babban asibitin Birnin Gwari. In sun ga dalili za su tura zuwa Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen masu wannan cuta. A tafi da tsohon kati da kwalin magani. A sami ɗan littafin makaranta a rubuta ranar da ciwo ya fara, da wurin, da lokacin da ya fi tsanani. Kada kuma a daina shan ƙwaya sai da sanin likita, gama yana iya sauya ta da wata. Ko da cutar ce ta dawo, akwai maganin da ke danne ta, ya rage azaba, ya ƙara kwanaki.

Magidancin nan ya sayar da buhun masara 2, matan zumunta suka cika musu sauran, sun kuma kama hanya. Ku maza, matar da ta ga an sayar da saniya dominta sau ɗaya ba za ta so ta sake buɗe baki ba. Kada ku jira ta faɗa. Ku tambaye ta yau da dare.