Ruwan rini: maganinsa na cikin lambunanmu

Duk mai bin lungunan Maradi ko Yamai ya san ruwan da ke fita daga gidajen masu rinin shadda: shuɗi, ja, kore, yana bin kwata har ya faɗa tabki. A Yamai kuwa, abin da ya shiga kwarin Gountou Yéna, kogin Isa ne makomarsa. Dabbobi na shan wannan ruwa, yara na wanka a ciki, masu lambu na ban ruwa da shi.

Rinin yau ya sha bamban da na baba da toka da kakanninmu suka sani. Garin kala ne na kanti, ana haɗa shi da soda mai cin fata. Wasu na cewa a kori masu rini daga cikin gari. Ni ban yarda ba. Sana'a ce da ke ciyar da iyalai, cikinsu har da mata da yawa, kuma korarsu kai dattin wata unguwa ne kawai.

Abin da nake gani shi ne mu koma ga tsirranmu. Ƙwayar zogale, idan aka ɓare ta aka daka, garinta na ɗauke da wani sinadari da ke kama datti da kalolin rini iri-iri, ya dunƙule su, su kwanta a ƙasan ruwa cikin awa ɗaya ko biyu. Matan karkarar Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogin Nilu da ita. Ko dusar da ta rage bayan an matse man zogale tana wannan aiki. Gawayin ɓawon gyaɗa ko na ƙwallon goruba kuma yana da ƙananan ramuka masu riƙe kala. Zogale dai ga shi nan birjik a lambunan Jiratawa, ɓawon gyaɗa kuwa ko'ina akwai shi.

Amma a kula: ruwa ya washe ba ya nufin ya zama na sha. Zogale ba ya kashe kaifin soda, kuma lakar da ta kwanta dole a binne ta nesa da rijiya.

Saboda haka ina kira ga magadan gari su gina wa masu rini ramukan siminti na kwantar da ruwa, malaman jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ta Abdou Moumouni su auna musu yawan garin da kowace tukunya ke bukata, su faɗa musu da Hausa. Tun kafin kalar ta kai rijiyoyinmu ya kamata a yi wannan aiki.