Ilmin Da Aka Ɓoye Ba Ya Haihuwa

Kowace shekara cikin watan Mayu, mutane dubbai sukan hallara a jihar Ohayo ta ƙasar Amurka don taron masu sha'awar rediyo. An fara shi a birnin Dayton cikin 1952, aka mai da shi garin Xenia cikin 1917 da ɗari, wato 2017, mahalartansa kuwa sun kai ga wuce 30,000. Jamus ma tana da irinsa a Friedrichshafen. Waɗannan mutane ba ma'aikatan gidan rediyo ba ne. Akwai likita, da manomi, da akawu, da malamin makaranta. Kowannensu ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasin da lambar kira, bisa sharaɗin ba zai nemi kuɗi da ita ba.

Abin da ya sa muka kawo zancensu shi ne wata ɗabi'a tasu. In mutum ya ƙago wata dabara, sai ya zo da akwatin gaban jama'a, ya kwance shi, ya nuna zanen, har ya faɗi inda ya yi kuskure. Wani ya ɗauka ya gyara, baɗi ya dawo da wanda ya fi. Mu a ganinmu, wannan ita ce hanyar da sana'a ke ci gaba.

Ga shaida. Cikin 1912 gwamnatin Amurka ta yi doka ta tura su zangon mita 200 zuwa ƙasa, don ana zaton gajeren zango ba shi da wani amfani. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, ya je taronsu a Cikago, ya ga yadda suke haɗa kayansu, ya koma gida. A watan Nuwamba na shekarar ya yi musayar saƙo daga birnin Nis da Fred Schnell a Amurka, a kan wajen mita 100, suka ƙetare Tekun Atilantika. Dalili kuwa, gajeren zango yakan bugi wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa can nesa. Duk wanda ya taɓa kama Landan a gajeren zango tun da BBC ta fara Hausa cikin 1957, to, waɗannan suna cikin waɗanda suka share masa hanya.

Ba su tsaya nan ba. Ran 12 ga Disamba 1961 aka harba OSCAR 1, tauraron da masu sha'awa suka ƙera da hannunsu a Kalifoniya. Cikin 2017 kuma Joe Taylor, wanda ya sami lambar Nobel cikin 1993, shi da Steve Franke suka fito da FT8, dabarar da kwamfuta ke tsamo saƙo daga cikin hayaniyar da kunne ba ya iya rarrabewa, kowane ɗauki daƙiƙa 15. Suka ba da ita kyauta, har da bayanin yadda aka gina ta.

Wani zai ce wauta ce mutum ya sha wahala sa'an nan ya ba wasu a banza. Amsarmu ita ce, wanda ya bayar da dabara ɗaya a taron mutum dubu, da dabaru nawa zai koma gida? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani kuma zai ce wayar hannu ta kashe wannan harka. Amma ran da guguwa ko girgizar ƙasa ta kayar da turakun waya, mai batir da ɗan zaren waya a kan itace shi ake nema.

Sai dai akwai abin tsoro. Kamfanoni sun cika waɗannan tarurruka da akwatunan da aka gama ƙerawa, saye ya fi haɗawa sauƙi. In zauren koyarwa ya koma rumfar ciniki kaɗai, an bar jaki ana dukan taiki, gama mai saye ba ya koyon kome sai farashi.

Mu ma ba a rufe mana ƙofa ba. Tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba cikin 2018, yana ɗauke da na'urar masu sha'awa da ake kira QO-100, tana kuwa kaiwa ko'ina cikin Afirka. Saboda haka muna kira ga malaman makaranta, musamman masu koyar da kimiyya, su nemi lasin, su tara yara su haɗa ko da ƙaramin akwati ne, su gayyaci makarantar maƙwabta ta zo ta gani. Gwanaye nawa ne suka tafi kabari da asirin sana'arsu, almajiransu suka koma farawa daga fari?

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu zuciyar raba shi. Amin.