Dakta A Gaban Bakanike: Abin Da Tsohuwar A-kori-kura Ta Koya Mini

 A wannan makon zan jingine batun jami'a da siyasar ilimi da muka saba tattaunawa, domin in ba ku labarin wata makaranta da na shiga ba da niyya ba. Makaranta ce da ba ta da zauren lacca, ba ta bayar da takardar shaida, amma kuɗinta ya fi na duk wadda na taɓa halarta tsada. Ina nufin tsohuwar motar a-kori-kura mai shan man gas, wato dizal, wadda na saya ta hannu.

Mai karatu zai iya tuna yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan dogon zama ba albashi ya mayar da da yawa daga cikinmu gonakin gado, ni ma ina ciki. Da na yi lissafin damina ta farko, sai na tarar kuɗin hayar motar kai taki da kwaso amfanin gona ya cinye kusan duk ribar. Don haka a shekarar da ta biyo baya na karɓi bashi daga asusun taimakon juna na ma'aikata, wanda za a riƙa yanka daga albashina har shekara uku, na nufi wurin dillalai. Dillalin ya rantse mini cewa motar ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, agogonta kuma ya nuna ba ta yi wata doguwar tafiya ba. Na yarda, domin ina son in yarda. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni kuwa na sayi tawa ina tsammanin tulu ce. Na yi shekara goma sha biyar ina tuƙa ƙaramar mota mai fetur, saboda haka a tunanina mota dai mota ce.

Kimanin wata huɗu da sayenta, wata 'yar fitila ta fara kamawa a gaban sitiyari, ta mutu, ta sake kamawa. Na ce a raina matsalar waya ce irin ta tsofaffin motoci. Ana nan, ran nan da kaka na ɗoro mata buhun masara goma sha huɗu daga ƙauyenmu, mai ya yi ƙasa, na tsaya wurin wani ɗan bumburutu ya juye mini jarka guda. Ban yi tafiyar kilomita ashirin ba sai injin ya soma karkarwa, ƙarfinsa ya ragu, ya yi tari sau biyu ya mutu. Rana ta yi ja, magariba ta kawo jiki, ga ni a kan hanyar da ko direbobin haya ba sa son duhu ya riske su a kanta. A wannan lokacin ba masarar nake tunani ba, ba kuma motar ba. Allah Ya saka wa wani mai tarakta da alheri, shi ya ja ni zuwa gari mafi kusa, mai unguwa ya ba ni masauki, ya sa yaransa suka kwana gadin kayan.

Washegari aka jawo motar zuwa garejin wani dattijo da aka ce mini ya shekara arba'in ba ya taɓa injin da ba na gas ba. Bai ce mini komai ba. Ya ɗauko gorar roba, ya kwance wani ɗan murfi a ƙasan filtar mai, ya tara. Da ya ɗaga gorar sai ga ruwa a ƙasa, mai yana yawo a samansa, har da jan tsatsa.

Ya ce, "Dakta, fitilar nan yaushe ta fara kama maka?"

Na ce, "Baba, za ta yi mako uku."

Ya girgiza kai ya ce, "To ai magana take yi maka, yarenta ne ba ka ji. Ruwan jiya ƙarashe kawai ya yi."

Nozul biyu sun tafi, famfon mai kuma sai da aka yi masa aiki. Kuɗin ya lashe albashina na wata biyu, ga bashin asusu yana nan bai motsa ba. Daga ranar na ajiye digirina a ƙofar gareji, na zauna a kan benci, na koma ɗan aji ɗaya. Abin da na koya daga bakin dattijon nan, da wanda na karanta daga baya, shi nake son in raba da duk wanda ke shirin bin wannan hanya.

Abu na farko shi ne injin gas ba injin fetur ba ne da aka canza wa abinci. Bajamushen injiniya Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a garin Augsburg a shekarar 1897, ya gina shi ne a kan wata dabara daban. Babu fulogin da ke ƙyasta wuta. Fistin ne ke matse iska zalla har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha shida zuwa ashirin na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. A injinan zamani, ƙarfin da ake tura man da shi yana kai 1,500 a ma'aunin bar ko fiye, wato ya ninka iskar da ke cikin tayar mota sama da sau 500. Ƙofofin da man ke fita ta cikinsu kuwa siraransu bai wuce na gashin kai da yawa ba. Kuma man da kansa shi ne maiƙon da ke sa ƙarafan famfo da nozul su yi santsi. Idan ruwa ya shiga, sai tsatsa da gogayya. Idan an gauraya shi da kananzir, kamar yadda wasu marasa tsoron Allah ke yi, santsin ya ragu, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Saboda haka ne aka yi wa filtar mai wani ɗan kofi a ƙasa. Ruwa ya fi dizal nauyi, yakan kwanta a can, idan ya taru sai fitilar nan ta kama. Zubar da shi aikin minti biyar ne: ka kwance murfin, ka danna ɗan famfon hannu da ke saman filtar har sai mai tsantsa ya fito, ka ɗaure. Minti biyar ɗin nan da ban yi ba su ne suka zama albashin wata biyu. Yanzu gidan mai guda nake sha, wanda manyan motoci ke yawan shiga, don mansa ba ya daɗewa a tanki. Ba na kuma barin tankina ya yi ƙasa da kwata, domin idan ya ƙare ƙaf iska na shiga bututun, sai an fitar da ita kafin mota ta tashi.

Abu na biyu, agogon tsohuwar mota ba shaida ba ne, ana mayar da shi baya. Ranar da ka saye ta, ka ɗauka cewa tun da aka ƙera ta ba a taɓa yi mata komai ba. Ka juye baƙin mai, man giya, man aksul, man birki da ruwan lagireto, ka canza dukkan filtoci. Sama da komai ka tambaya ko injinka da bel yake aiki ko da sarƙa. Idan taimin bel ne, ka canza shi ko da yana ƙyalli, domin a injin gas tazarar da ke tsakanin fistin da bawul kaɗan ce ƙwarai. Ranar da ya tsinke kana tafiya, sai su yi karo, ka wayi gari kana cigiyar rabin inji. Littafin tawa motar ya ce a canza shi a kilomita 150,000. Da dattijon ya buɗe, sai ga bel ya tsattsage kamar diddigen manomi da hunturu.

Na uku, baƙin mai. Ba kowanne ne na injin gas ba. A jikin galan akwai lambar API: wadda ta fara da harafin S ta fetur ce, wadda ta fara da C, irin su CH-4 da CI-4, ita ce ta dizal. Kada ka firgita idan ka ga man ya yi baƙi kwana biyu da juyewa, aikinsa ke nan, yana riƙe da tokar hayaƙi ne. Amma kada ka bi dogon wa'adin da aka rubuta domin titunan Turai. A shekarar 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a wasu samfurorin dizal da ake sayarwa a Afirka, sinadarin salfa, wato farar wuta, ya ninka abin da Turai ta amince da shi fiye da sau 300. A shekarar 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, alhali ta Turai 10 ce. Salfa idan ya ƙone yana komawa asid a cikin baƙin mai. Haɗa wannan da ƙurarmu da zafinmu, za ka gane dalilin da ya sa nake juye nawa duk kilomita 5,000, tare da filtarsa.

Na huɗu, iska da sanyaya inji. Injin gas numfashi yake so, kuma ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa. Filtar iska ta takarda ba a wanke ta, ba a kuma buga ta a jikin taya. Idan ta toshe a canza. Idan ta huje, ƙurar za ta riƙa goge cikin silinda kamar sanfefa. Game da lagireto kuwa, akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare a garejinmu, dukkansu cuta ne. Ɗaya ita ce zuba ruwan rijiya, wanda ke barin gishiri da tsatsa su toshe hanyoyin ruwa. Ɗayar ita ce cire tamostat da sunan wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ba ya ƙone mai da kyau, ya fi shan mai, ya fi saurin tsufa. Da safen hunturu kuma a jira fitilar hita ta mutu kafin a murza makulli. Wanda motarsa ke da tobo, idan ya dawo daga doguwar tafiya ko ɗaukar kaya, ya bar injin ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, domin mai ya sanyaya shi.

Dattijon ya kuma koya mini karatun hayaƙi. Baƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a fara duba filtar iska kafin a taɓa nozul. Shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko dai mai ne da bai ƙone ba, ko ruwa ne ke shiga silinda, wannan kuwa ba a kwana da shi. Tun da na san wannan, ba wanda ya sake ce mini "sai an sauke inji" na amsa ba tare da tambaya ba.

Sai darasi na ƙarshe, wanda ba ya cikin littafin kowace mota, kuma shi ya fi ba ni wahala. Ranar da a-kori-kura ta shiga gidanka, ka zama ɗan uwan kowa. Wannan zai kai kayan jere, wancan zai tashi daga gidan haya, ga bulon masallacin unguwa, ga ragunan layya. Irin waɗannan motoci yawancinsu abin da aka ƙera su su ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da direba da fasinja, wato ƙasa da buhu goma na masara. Ni da kaina na ɗora goma sha huɗu, to ina ga wanda ba shi zai biya kuɗin sifirin da kuloci ba? Wani ɗan uwa ya ara ta kwana ɗaya, ya dawo da ita bayan uku, ganyen sifirin biyu a karye, tanki cike da man da shi kansa bai san asalinsa ba. Daga nan na kafa doka: ba na ba da makulli. Mai bukata ya faɗi rana, in kai shi da kaina ko in haɗa shi da yaron da na amince da shi, kuma kaya ba ya wuce ƙima. Gwaggona ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba, an kuma ce boko ya sa ni rowa. Ban ji daɗi ba. Amma motar da ta mutu ba ta kai kayan jeren kowa, bashinta kuwa ni kaɗai zai bi.

Duk wanda ya zaga harabar ma'aikatunmu da manyan makarantunmu zai ga irin waɗannan motoci a jere ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙasansu, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Da yawansu ba tsufa ne ya kashe su ba. Wata 'yar fitila ce ta kama, ba wanda ya ga aikinsa ne ya tsaya. Mun iya gyara, har ana yaba wa makanikanmu a kan yadda suke tayar da matacce. Abin da muke da rauni a kai shi ne tattali, wato kashe ɗan kuɗi a kan abin da bai lalace ba tukuna, domin wannan ba ya jawo yabo, ba a kuma yi masa bikin ƙaddamarwa. Muna faɗin rigakafi ya fi magani, amma kasafinmu, na gida da na hukuma, magani kawai ya sani.

Yanzu akwai wani ɗan littafi a aljihun motar. Duk man da na sha, da inda na sha shi, da ranar juye, da lambar agogo, ina rubutawa. Duk safiyar Asabar nakan buɗe bonet in duba mai da ruwa da batir, in leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, kafin in karya kumallo. Kaka biyu ke nan tana kwaso mini masara ba ta sake kwana a hanya ba, bashin asusu kuma saura kaɗan. Dattijon ya ce idan na ci gaba da haka zai ba ni takardar sallama, amma ba bana ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.