Zinare da shanun Birnin Gwari: Cinikin da alƙaluma ba su san da zamansa ba

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, bayan ta shafe kimanin shekara goma a rufe saboda ta'asar 'yan bindiga. Tun daga lokacin mahukunta ke cewa kasuwanci ya farfaɗo a yankin. Abin tambaya shi ne, da wane ma'auni za a auna wannan farfaɗowa?

Mai neman alƙaluman cinikin Najeriya a intanet ba zai rasa madogara ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da rahoton cinikin ƙasashen waje duk wata uku, kuma galibin bayanan daga Kwastam suke fitowa. Rumbun Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya yana tattara abin da ƙasashe suka ce sun saya ko sun sayar, yayin da shafin Bankin Duniya ke nuna bunƙasar tattalin arziki shekara bayan shekara. Kowace haja tana da lambarta ta kwastam: zinare 7108, shanu 0102, masara 1005. Da waɗannan lambobi ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya gano ƙasashen da ke sayen kaya da kuma kuɗin da suke biya.

Sai dai waɗannan rumbuna suna ƙirga abin da ya bi ta hannun Kwastam ne kawai, kuma da sunan ƙasa, ba da sunan ƙaramar hukuma ba. Tirelar shanun da ta tashi daga Birnin Gwari ta bi ta Tegina da Jebba zuwa Legas cinikin cikin gida ne, don haka ba za ta bayyana ba. Zinaren da ake haƙowa a dazukan yankin kuwa yakan bi hannu zuwa hannu ba tare da rasit ba.

Masu bincike suna da dabarar rage wannan duhu: su kwatanta abin da ƙasar da ta sayar ta rubuta da abin da ƙasar da ta saya ta rubuta. Da wannan hanya kamfanin dillancin labarai na Reuters ya nuna a 2019 cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shigo da zinaren dala biliyan 15.1 daga Afirka a 2016, alhali yawancinsa ba ya cikin littattafan ƙasashen da ya fito. A 2024 ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na zinare daga nahiyar a 2022. Amma ko wannan dabara ba ta iya ware rabon Birnin Gwari, domin zinaren da aka tsallaka da shi maƙwabciyar ƙasa yakan shiga littafi da sunan ita maƙwabciyar.

Rashin ƙirge ba ƙaramar asara ba ce. A 2014, da Najeriya ta sabunta lissafin tattalin arzikinta, ta zarce Afirka ta Kudu nan take, ba don ta samu sabuwar dukiya ba, sai don an ƙirga abin da a da aka tsallake. Yankin da ba a san ƙimar kasuwarsa ba yakan zo ƙarshe wajen rabon hanya, rancen banki da jami'an tsaro.

Gyaran yana kusa da gida. Masu karɓar haraji a ƙofar kara suna ganin kowace dabba da ta shiga, shugabannin dillalai sun san farashi, ƙungiyoyin direbobi sun san yawan lodi. Idan Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna ta riƙa tattara waɗannan bayanai tana wallafa su a shafinta duk wata, jama'a za su gani da idonsu ko sulhu yana haifar da ɗa mai ido. Idan kuma lodi ya fara raguwa, alƙaluman ne za su fara yin gargaɗi tun kafin kara ta sake zama kufai.