Ba kowane ciwon mace ne "sanyi" ba



A unguwanninmu na nan Kudu, in mace ta ce al'adarta ta rikice, sai a ce sanyi ne. In ta ce duk jikinta ciwo yake kamar an yi mata dukan tsiya, shi ma sanyi. Daga nan sai jiƙo da ƙwayoyin kemis, a kwashe shekaru likita bai gan ta ba. Mu a ganinmu wannan sakaci ne, kuma mafi yawan laifin namu ne maza.

Akwai larurar da likitoci ke kira PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwan haihuwa fita a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kuma har kashi 70 cikin 100 ba su san suna da ita ba. Alamunta: al'ada ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba, gashi a haɓa, ƙuraje, ƙiba, jinkirin samun ciki.

Akwai kuma faibromayaljiya: ciwo a ko'ina a jiki fiye da wata 3, ga gajiya, ga barcin da ba ya hutar da mutum. Mata ta fi kamawa. Gwajin jini ba ya nuna ta, shi ya sa ake cewa mai ita raki ne ko son jiki.

Ba a tabbatar cewa ɗaya ce ke haifar da ɗayar ba, amma suna haɗuwa a hanya. PCOS kan zo da ƙiba da damuwa da toshewar numfashi a cikin barci, waɗannan kuwa duk suna ƙara wa jiki jin zafi. Ga kuma gorin haihuwa daga dangin miji, da fargabar kishiya ko saki. Ta ina za ta samu barci?

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne shan daikilofenak da taramadol kullum ba da umarnin likita ba. Na farko yana cin ciki da ƙoda, na biyu kuwa in jiki ya saba da shi, rabuwa sai da wahala. Alhali duka larurorin biyu ana samun sauƙinsu da motsa jiki, gyara abinci da barci, da magungunan da likita zai rubuta. Masu PCOS da yawa suna haihuwa in an kula da su.

Don haka maigida, kai ta wurin likitan mata. Manyan asibitoci irin su UCH a Ibadan da LUTH a Legas suna da wannan sashe. Ku je da lissafin ranakun al'adarta na wata shida, in Hausa kawai take ji a tafi da mace mai fassara. Muna kuma roƙon shugabanni su duba yiwuwar asusun taimako ya riƙa biyan kuɗin sikanin ga marasa hali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.