Kunne a Cikin Filogi

'Yan'uwa, a 2020 wata kotu a Landan ta ji yadda aka ɓoye na'urar naɗar murya cikin filogin lantarki a otal ɗin Ritz, inda Sir Frederick Barclay yakan zauna yana tattauna harkokin kasuwancinsa. 'Ya'yan ɗan'uwansa ya kai ƙara.

Mu masu shaguna da kamfanoni, baƙo muke tsoro, alhali mai mabuɗi ne ya fi samun damar dasa irin wannan. Ba zargin juna muke koyarwa ba. Sarkin Suriya ma, a 2 Sarakuna 6, fadawansa ya tuhuma, kuma ya yi kuskure. Sai dai mu san masu riƙe da mabuɗin ɗakin taro, mu bincika duk filogin da ba mu saya ba, mu bar wayoyi a waje in ana maganar farashi.